Furen Tasalla

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To ku zauna. Wanda ya yi surutu, na tashi.

An yi wani manomi, sunansa Barmo. Matarsa Tasalla 'yar kurmi ce, daga can inda ruwan sama ba ya yankewa. Da za ta tare, ba ta zo da komai na garinsu ba sai wani tsiro da ya manne a jikin ɓawon itace. Ta ɗaure shi a reshen tsamiyar gidan. Sau ɗaya a shekara yake yin fure fari, da almuru ƙamshinsa ya cika gida.

Sai Tasalla ta rasu. Shekara ta zagayo, fure bai fito ba. Barmo ba ya son komai a duniya sai ya sake jin ƙamshin nan. Ya tsaya gindin tsamiya ya ce, "Ɗan kurmi, me kake so?" Shiru.

Gara tana ji. Ta daɗe tana kwaɗayin ɓawon nan. Ta ce, "Baba Barmo, kai da ka tsufa a noma, ka taɓa ganin shuka a sama? Yunwa yake ji. Sa shi a ƙasa."

Barmo ya sauko da shi ya binne. Ganyensa huɗu ne, ɗaya ya faɗi.

"Ɗan kurmi, me kake so?" Shiru.

Gara ta ce, "Taki."

Ya zuba taki. Wani ganye ya faɗi.

"Ɗan kurmi, me kake so?" Shiru.

Gara ta ce, "Ruwa, safe da yamma, har ya kwanta."

Ya yi ta zubawa. Saura ganye ɗaya.

Ana nan damina ta kusa, Shamuwa ta taso daga kudu ta sauka kan tsamiya. Ta leƙo ta ce, "Baba, wa ya binne wannan da ransa?"

"Ni. Ciyar da shi nake."

"A garinsu ba ya taɓa ƙasa. Kan itace yake zama, saiwarsa ta sha iska da raɓa. Mayar da shi inuwa, yayyafa masa ruwa da safe, ka ƙyale shi."

Barmo ya tona. Ba ɓawo, sai Gara kwance ta yi ƙiba. Ya kira Kaza. Kaza ta gama da ita.

Saiwa duk ta ruɓe, saura ɗaya. Igiya za ta yanke ta. Barmo ya shiga ɗaki, ya buɗe adudun Tasalla da bai taɓa ba tun rasuwarta. Ya ɗauko ɗankwalinta, ya ɗaure tsiron da shi a reshensa na farko.

Damina ta wuce, ba fure. Ta biyu ta wuce, ganye biyu kawai. Bai sake tambayarsa komai ba. Yayyafi da safe, shi ke nan.

A ta uku, ran nan ya dawo daga gona da almuru. Tun daga ƙofar gida ƙamshin ya tare shi, ya tsaya. Ya ajiye fartanya. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ce, "Sannu da zuwa, Tasalla."

Kun ji. In an bar muku amanar abu, ku tambayi yadda yake rayuwa a garinsu kafin ku yi masa irin gatanku.

Kurunkus. Ta ƙare, kowa ya nemi tabarmarsa.