Ganuwar Zana ta Waziri Kailani

A zamanin da, tun birane na kwana da ƙofa a rufe, an yi wani Sarki wanda ba abin da yake so kamar ya kishingiɗa a fada a yi ta gardama a gabansa. Yana da Waziri mai suna Kailani, mutum mai karatu da kaifin baki, wanda in ya ce maka farar rigarka baƙa ce, sai ka koma gida ka sake dubawa. Ni dai ba zan ɓoye muku ba, ban taɓa jin labarin mutumin da ya ƙona mini rai kamarsa ba. Akwai kuma Galadima Tunau, wanda kula da ganuwa da ƙofofi ke hannunsa, mutum mai kaushin hali da gajen haƙuri. Su biyun nan ba sa ga maciji da juna.

Wata shekara aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ganuwa ta zube ta wajen gabas, ta bar giɓin da raƙuma za su shiga a jere. Ana cikin wannan sai ga labari mahara na tafe. Ba lokacin kwaɓa ƙasa, balle a jira ta bushe. Sai Waziri ya sa aka kafa sanduna, aka ja zana ciki da waje da sama, aka shafe da laka, har da 'yan tsage-tsage irin na tsohon gini. Mahara suka iso, suka zagaye birni, suka ga ba kafa, suka juya. Dabara kam ta yi, ko ni da ba na son mutumin na sara masa a nan.

Da ƙura ta lafa, Galadima ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a yi shela a fito gayya, a cire zanan nan a yi gini."

Shi kuwa Waziri ya saba jin maroƙa na yi masa kirari da wanda ya kori yaƙi ba kibiya, ya kuma san ranar da aka yaye zana kirari ya ƙare. Sai ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, ina da tambaya. Mene ne ganuwa?"

Sarki ya ce, "Abin da ke tare maƙiyi."

"To wannan ta tare shi ko ba ta tare shi ba? Fatake sun dawo, mata na barci, ɓarawo bai shiga ba. Me ƙasa za ta yi da zana bai yi ba? Zaki, ka duba, mai zazzaɓi yakan sha zuma ya ce ɗaci ne, kuma a bakinsa ɗacin ne. Matafiyi yakan hangi ƙawalwalniya ya ƙara sauri, ta kai shi inda ƙafarsa kaɗai ba za ta kai shi ba. Kai kanka ka taɓa cin yaƙi a mafarki ka farka da gumi. Duniyar nan ba ta da wata kama tata ta kanta, ido da zuciya ke gina ta. Abin da jama'a suka gani suka yarda, shi ne akwai. Abin da ba wanda ya gani, ba wanda ya ji, babu shi."

Galadima ya ce, "Maganar banza! Ka je ka jingina da ita mana."

Waziri ya yi murmushin nan nasa mai ban haushi ya ce, "Ka ji ko, ranka ya daɗe? Babu giɓi a gabas sai a bakin Galadima. Ranar da maganar nan ta kai kunnen mahara, ranar giɓi zai samu, kuma shi ya yi shi."

Sarki ya jinjina kai, don maganar ta yi masa daɗi, gayya kuwa wahala ce. Nan take ya sa aka yi shela: duk wanda ya ce akwai giɓi a ganuwa, hukuncinsa hukuncin wanda ya fasa ta ne, wato a sare kansa.

Mutane suka kama bakinsu. Masu kiwo suka riƙa kau da awakinsu daga gabas ba tare da sun faɗi dalili ba. Damina ta sake zagayowa, gara ta shiga sanduna, Galadima na gani yana haɗiyar zuciya. Ran nan dai abin ya ci tura, ya tashi a tsakiyar fada, ga baƙin fatake zaune, ya ce, "Wallahi gabas a buɗe take, kuma duk wanda ke zauren nan ya sani!"

Kafin ya rufe baki dogarai sun riƙe shi. Waziri ya ce, "Ga mai fasa ganuwa, ya fasa ta a gaban baƙi. Sai a kira hauni."

Sarki ya ce, "Tunau, kana da abin faɗa kafin a sare kanka?"

Galadima ya ce, "Allah ya ba ka nasara, roƙo ɗaya gare ni. Waziri ya ce abin da mutum bai gani ba, bai ji ba, babu shi. To akwai mutum ɗaya a birnin nan da bai ga giɓi ba, bai kuma ji labarinsa ba. A hau da shi kan ganuwa ya taka ta gabas. In ya wuce, a sare ni."

"Wane ne?"

"Malam Barmo."

Malam Barmo shi ne mahaifin Kailani, shi ya riƙe wazirci kafin tsufa ya ɗauke masa ido, ya kuma toshe masa kunne, sai an kafa masa baki an yi ihu yake ji. Ya daɗe bai fita zaurensa ba. Galadima ya tabbata a ransa babu ɗan da zai bari ubansa ya taka iska, don haka ya zaɓe shi.

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, tsoho ne, hawa zai wahalar da shi."

Sarki ya ce, "A ɗauke shi a hau da shi. Ko kana shakkar ganuwarka?"

Waziri ya dubi Galadima kamar ya cinye shi ɗanye, ya ce, "Ba na shakka."

Sarki ya ce, "To ga sharaɗi. Dogari zai bi bayan Malam, ba zai taɓa shi ba sai ɗayanku ya ce a tsaya. In Waziri ya faɗa, ya shaida akwai giɓi, rawaninsa ya tafi. In Galadima ya faɗa, ya ɓata gwajin da shi ya roƙa, kansa ya tafi."

Da hantsi birni ya taru a gabas. Aka gaya wa Malam Barmo a kunne Sarki na so ya sa wa ganuwa albarka kamar yadda ya saba a zamaninsa. Tsoho ya yi murna har da hawaye, ya sa tsohuwar alkyabbarsa, ya ce a gaida masa Kailani da ya tuna da shi. Aka hau da shi, aka miƙa masa sandarsa, ya kama tafiya a hankali yana dogarawa yana addu'a. A bayan ganuwa kuwa rami ne mai zurfi, cike da ƙaya da duwatsu.

Galadima ya kafa wa Waziri ido. Waziri na tsaye, gumi na bin gemunsa, leɓɓansa a dantse. Tsoho na matsowa. Galadima ya ce, "Kailani, ubanka ne fa!" Waziri ya yi kamar da dutse ake. Mata suka fara salati. Galadima ya ce, "Kai la'ananne, buɗe bakinka!" Waziri ya ɗaga hannu, kowa ya ce zai yi magana, ashe rawaninsa ya gyara.

Da Galadima ya ga saura ƙiris, sai ya kurma ihu, "A tsaya! A tsaya da shi!"

Dogari ya cafke alkyabbar tsoho. Waziri ya yi tsalle ya ce, "Ya ɓata gwaji! Zaki, ka ji da kunnenka, kansa ya halatta!"

Amma ba wanda ya dube shi, don Malam Barmo ya riga ya miƙa sanda gaba ya dogara. Sanda ta shige har hannu. Laka ta tsage, sandunan da gara ta cinye suka karye, zana ya tafi rami gaba ɗaya. Da ƙura ta washe, sai ga gonaki da daji ana hangowa daga tsakiyar birni, ga tsoho a bakin giɓi, dogari na riƙe da shi.

Sarki ya ce, "A saki Galadima. Ni na kafa sharaɗi, ni na warware shi, don dokar da ta kawo shi nan ita ce ta fara faɗawa ramin can. Kai kuwa Kailani, ka san abin da ke ƙarƙashin lakar nan ko ba ka sani ba?"

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, ai idanun jama'a ne suka..."

Sarki ya daka masa tsawa. "In ba ka sani ba, gumin me kake yi?" Ya sa aka tuɓe masa rawani a gaban kowa, ya ce daga ranar shi zai riƙa ɗaukar kwandon ƙasa a ka tare da 'yan gayya har giɓi ya cike, sa'an nan a fitar da shi ta ƙofar gabas, kada ya sake shigowa.

Aka sauko da Malam Barmo. Ya lalubi hannun da ke kusa da shi, ashe na Galadima ne. Ya ce, "Wa ya ɗora laka a kan iska?" Galadima ya kau da kai, don bai so ya zama shi ne zai faɗa ba. Sarki da kansa ya sunkuya ya kafa baki a kunnen tsoho ya gaya masa.

Tsoho ya ce, "Kailani yana wurin?"

"Yana nan."

"Yana kallona?"

"Yana kallo."

"Shi ya ce a tsaya?"

Sarki ya ce, "A'a, Malam. Tunau ne."

Tsoho ya jinjina kai ya ce, "To kada ku ƙaryata shi duka, Zaki, akwai gaskiya a maganarsa. Ni ma shekara da shekaru ina zaune a zaure ina ganin ɗa a inda babu."

Kailani ya rarrafo ya kama ƙafarsa yana cewa, "Baba! Baba, ni ne!" Ko tsoho ya ji ko bai ji ba, Allah kaɗai ya sani. Ya dai janye ƙafarsa, ya ce Tunau ya kai shi gida.

Kafin damina ta gaba ganuwa ta tashi da ƙasa tsantsa. Ranar da aka gama, Galadima ya je ya jingina da ita ya daɗe, sa'an nan ya sa aka buɗe wa Kailani ƙofa.