Kurege Mai Kiran Zuma

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Baba.

To, ku matso, ku rufe baki. Sau ɗaya zan faɗa.

A wani ƙauye a bakin daji akwai wani tsoho mai kiwon zuma, sunansa Jatau. Duk ranar da zuma ta yi ƙaura, ta fito ta dunƙule a reshe tana neman sabon gida, sai Jatau ya ɗauko wata tsohuwar tasar ƙarfe ya tsaya a gindin bishiyar, yana kaɗawa yana kira: "Sauko, uwar zaƙi, sauko gidan Jatau!" Kafin yamma zuma ta shige amyarsa.

Kurege yana kallo daga bakin raminsa. Ya kalla yau, ya kalla gobe, har ya gano abin da sauran namun daji ba su gano ba. Kafin dunƙulen ya tashi, akwai wasu 'yan ƙudaje da ke zuwa su leƙa kogo, su dawo, su koma, su dawo. Kogon da suka fi yi wa zirga-zirga, nan gayyar zumar za ta sauka.

Kurege ya ce, "Ashe haka ne."

Sai ya kafa sana'a. In ya ga masu leƙen sun dami kogon gawon Biri, sai ya ruga wurin Biri ya ce, "Aboki, kana son zuma a gawonka? Na koyi muryar mutane. Rabin saƙa nawa." Ya hau gawo, ya buɗe baki: "Sauko, uwar zaƙi, sauko gidan Biri!" Zuma ta zo, da ma can za ta. Haka ya yi wa Biri, haka ya yi wa Bushiya, haka ya yi wa Damo. Saƙa ta yi ta shiga ramin Kurege, ya ci ya ci, ya jibge saura, bai taɓa sam wa kowa ba.

Labari ya kai kunnen Dage, gajeren nan mai farin baya, wanda harbin zuma ba ya ratsa fatarsa. Wata safiya ya taka wutsiyar Kurege ya ce, "Kai ne mai kiran?"

"Ni ne, yaya. Sannu da ƙarfi."

"Akwai gayya rataye a tsamiyar bakin rafi. Ka kira min ita kogon kukata kafin rana ta faɗi."

"Ai yaya, kira yana da ranaku."

"Cikina ba shi da ranaku. Ko zuma, ko kurege. Ɗaya zai shiga yau."

Kurege ya tafi tsamiya. Ya duba masu leƙe, ko ɗaya ba ya bin hanyar kukar Dage. Ya ce wa kansa, "Yau ko ba su taɓa jin magana ba, sai sun ji tawa."

Ya hau reshe ya yi kira. Shiru. Ya matsa kusa ya yi kira. Shiru. Ya yi musu kirari, ya ce da su 'ya'yan sarauniya, masu baƙin ɗamara. Ya yi roƙo, ya haɗa su da iyayensu. Ya yi waƙa, har da rawa. Ya koma zagi, ya zagi uwarsu, ya zagi kakinsu. Ko ƙuda ɗaya bai juyo ba. Rana ta take tsaka, muryar Kurege ta dishe, ta koma kamar ta ɗan tsako.

Bai haƙura ba. Ya ce, "Wataƙila akwai kalmar da tsohon nan ke faɗa a ciki, ban ji ba."

Ya tarar da Jatau a inuwa yana shafe sabuwar amya. Ya durƙusa ya ce, "Baba, barka da aiki. Rai ne ya kawo ni. Me kake gaya wa zuma take jin maganarka?"

Jatau bai ɗago ba. Ya ce, "Wa ya ce tana ji?"

"Ai ina ganinka kana kira, tana zuwa."

"Shekara arba'in ina kira. Ko sau ɗaya ba ta amsa ba. Turaren da na yi wa amya take bi."

"To, Baba, ihun na mene ne?"

"Na maƙwabta ne. A garin nan, wanda aka fara jin muryarsa a gindin gayya, tasa ce. Ina kira don Barau da Tanko su ji, su zauna a gidajensu. Ta tsamiyar rafi ma tun asuba na kira ta, kowa ya ji."

Kurege ya ƙara matsowa kusa. Can ya ce, "In wani ya zo ya kira ta da nasa sunan fa?"

Nan Jatau ya ɗago. "Ɓarawo ke nan. Gari duka zai fito masa, har karnuka."

Kurege ya yi godiya, ya zura da gudu.

Ya sami Dage yana wasa farce a jikin kuka. Ya ce masa da 'yar disasshiyar murya, "Yaya, an gama magana. Sun yarda. Sai dai ka ji yadda muryata ta mutu wurin yi maka aiki. Kuma sun ce ba sa ƙaura gidan babba sai sun ji daga bakinsa."

Dage ya ce, "Ni za su sa ihu?"

"Sau uku kawai. Amma da ƙarfi, sarauniyarsu kunnenta da nauyi."

Suka je gindin tsamiya. Dage ya cika ƙirji ya ce, "Sauko, uwar zaƙi, sauko gidan Dage!"

Kurege ya ce, "Ta motsa kunne. Ƙara."

"Sauko gidan Dage!"

"Juya fuskarka wajen gari, iska daga can take. Ƙara!"

"SAUKO GIDAN DAGE!"

Aka kuwa amsa. Jatau a gaba da tasarsa, Barau da taɓarya, Tanko da fartanya, mata da muciya, karnuka tara a tsakani. "Wane ɗan banza ne ke kiran gayyar Jatau?"

Dage ya juyo ya ce, "Kurege, waɗannan ne zumar?"

Kurege daga can ƙarshen reshe ya ce, "'Yan rakiya ne, yaya. Tsaya ku gaisa."

Dage yana da taurin fata, amma taɓarya ba ƙudan zuma ba ce. Ya sha ta farko, ya sha ta biyu, karnuka suka kama gindi. Ya tsallake rafi, ya tsallake fadama, har yau bai sake kwana a dajin nan ba.

Garin dambe wani ya maka wa reshe sanda. Gayya ta tashi, buuu, ta rufe sama. Jatau ya yi ta kaɗa tasa. Ba ta bi ta kansa ba, ta yi gabas.

Kurege ya sauko, ya karkaɗe jiki, ya nufi gida yana taƙama, yana cewa yau sai ya ci saƙa uku don murna. Ya iso bakin rami ya ji ciki yana ruri. Duk dajin babu kogon da ya kai raminsa ƙanshin saƙa, zuma kuwa ta shige, ta baje, ta kama aiki.

Ya miƙe a kan ƙafa biyu ya ce, "Bayin Allah, gidan da mai shi." Shiru. Ya ce, "Fito, uwar zaƙi, fito gidan Jatau." Shiru. Ya sa kai zai leƙa, aka sallame shi da harbi biyu a hanci.

Shi ya sa har gobe za ku ga kurege tsaye a bakin rami, hannu a ƙirji, baki yana motsi. Lallashi yake yi.

Kurunkus, kan dage mai kumburi. Wanda zai yi ƙaryar yana magana da zuma, ya fara toshe ƙofar ɗakinsa. Ku tashi haka nan, bakina ya gaji.