Igiyar Marka Bahaguwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kawu, mun matso.

To. Wata yarinya ce wai ita Marka, a wani ƙauye can ƙetaren rafi. Iyayenta sun rasu tun tana rarrafe, sai ta tashi a hannun kakanta, Kaka Nomau, da gwaggonta, Gwaggo Tabawa. Marka kuwa bahaguwa ce. Tsintsiya, hagu. Guga, hagu. Ko ƙuda ne ya sauka mata a kumatun dama, sai hagun ya tsallaka ya je ya kore shi, na daman yana zaune kamar baƙo.

Gwaggo Tabawa abin yana damunta. Ba muguwa ba ce, tsoro take kada a riƙa yi wa 'yar ɗan'uwanta dariya a gari. Da ta ga hagu ya miƙe sai ta daka tsawa, "Marka! Wane hannu ne wannan?"

"Shi ya riga ni, Gwaggo."

"To ki ce masa ya koma!"

Kaka Nomau sana'arsa tufkar igiya. Ya jiƙa rama a rafi, ya ɓare, ya danne bakinta da babban yatsan ƙafa, ya yi ta murzawa a tafin hannu. Ya tsufa ƙwarai, haƙori ɗaya ya rage masa, shi ma yana rawa. Cikinsa kuma ya daina karɓar komai sai kunu da nonon akuya. Akuyar ita ce Jar Akuya, tana da 'ya'ya biyu da suka fara cin ciyawa.

Marka takan zauna kusa da shi tana kwaikwayo. Sai dai tata igiyar kullum a juye take fitowa, tasa ta naɗe nan, tata ta naɗe can. Gwaggo ta ce, "Igiyar hagu? Ba za a ɗaure dabbar gidan nan da ita ba." Marka ta sunkuyar da kai. Kaka ya karɓi igiyar ya cusa ƙarƙashin buzunsa, ya ce, "Share hawayenki, amaryata. Ci da dama, gaisa da dama, karɓi abu da dama. Sauran aiki kuwa ki bar wa hannun da Allah ya zuba wa ƙarfin."

Damina ta yi, aka ɗaure awaki a turke don kada su shiga gonakin mutane. Sai ga Gizo.

Gizo ba shi da wuƙa, matarsa Ƙoƙi ta ɓoye tun ran da ya yanke zakaran surukarsa. Ƙullin Kaka kuma ba ya kwantuwa. Amma Gizo ya gano abu ɗaya. Duk mutanen ƙasar da dama suke tufka, saboda haka kowace igiya gefe ɗaya take naɗewa. In ka murza ta baya sai ta warware, ka bi sili-sili kana tsinkewa.

Da hantsi, kowa ya tafi gona, Gizo ya shigo da tsamin bakin nan nasa.

"Shannu da hutawa, Jay Akuya."

"Me ya kawo ka, Gizo?"

"Gaishe da yaya na zo yi."

Ya kama igiyar ɗan fari da ƙafafuwansa, yana murzawa yana waƙa:

"Muyza baya, muyza baya,
igiyay tsoho ta zama gashi."

Igiya ta warware, ya tsinke ta tis, tis, ya ja ɗan akuya ya yi gaba. Bai kai shi gida ba, don kada Ƙoƙi ta ce a raba. Wani kogon kuka ya kai shi ya toshe, ya ce sai sun cika uku zai zauna ya ci shi kaɗai.

Da aka dawo daga gona Jar Akuya ta faɗi wanda ya yi. Gwaggo ta ɗaura ɗamara ta tafi gidan Gizo. Ta duba ɗaki, ta duba rumbu, har tukunyar miya ta leƙa, babu ko gashin akuya. Gizo kuwa har da kuka, wai an ɓata masa suna.

Kaka ya zauna ya tufka sabuwar igiya, mai kauri kamar damtsen Marka. Washegari ya ce shi zai yi gadi. Ya jingina da gindin dalbejiya, ya riƙe sanda. Kun san tsoho da inuwa. Kafin rana ta take, sanda ta faɗi, minshari ya tashi. Gizo ya sanɗo.

"Muyza baya, muyza baya,
igiyay tsoho ta zama gashi."

Tis, tis, tis. Ɗa na biyu ya tafi.

Ranar Jar Akuya ko ganye ba ta taɓa ba. Da Marka ta zo tatsa, abin da ya fito bai rufe gindin ƙoƙo ba. Kaka ya kurɓi kununsa tsararo sau biyu ya ture, ya ce ya ƙoshi. Ƙarya yake yi, Marka ta sani. Ya jawo rama zai yi wata tufkar, sai ga hannuwa sun kumbura, yatsu sun ƙi lanƙwasuwa. Ya daɗe yana kallonsu. Ya ce, "Shekara sittin muna tare da ku, yau kuka ga ya dace."

Marka ta je gindin turke ta tsinto guntayen igiyar, ta juya su, ta sake juyawa. Ta dawo da gudu.

"Kaka, ba yanka ya yi ba, warwarewa ya yi."

"Na gani, amaryata. Ko ta kai gangar kuka kauri, haka zai yi mata."

Ta zura hannu ƙarƙashin buzu ta jawo tata. "To warware mini wannan."

Kaka ya sa ta tsakanin tafukansa, ya murza baya a hankali, yadda ake warware kowace igiya. Igiya ta ƙara tsukewa. Ya sake murzawa, ta ƙara. Ya murza na uku, ta murɗe ta cafke masa ɗan yatsa. Tsoho ya fashe da dariya har haƙorin nan guda ya fito shan iska.

Gwaggo ta ce, "Baba, ba dai da wannan za ka ɗaure uwar ba?"

"Tabawa, ta dama ta tafi da biyu. Ki bar ta hagu ta gwada da ɗaya."

Gwaggo ta juya ta shige ɗaki.

Rana ta uku aka ɗaure Jar Akuya da igiyar Marka, kowa ya tafi gona, har Kaka da sandarsa. Gizo ya shigo yana taku ɗai-ɗai.

"Jay Akuya, yayanki shuna ta nemanki."

"Ga ni, ai sai ka kwance ni."

Ya dubi igiyar ya yi tsaki, wai wannan 'yar siririyar. Ya kama.

"Muyza baya, muyza baya..."

Igiya ta tsuke. Gizo ya ce, "A'a." Tun da yake bai taɓa ganin igiyar da ta naɗe ta wancan gefen ba, don haka ko a ransa bai kawo ya juya ba. Ya ƙara ƙarfi. Igiya ta murɗe ta cafke ƙafa ɗaya.

Jar Akuya ta ce, "Tsufa ne ya kama ka, Gizo. Murza da kyau mana."

"Ni? Chufa?"

Ya sa ƙafa biyu, ta cafke. Ya sa uku, ta cafke. Da takwas ɗin suka ƙare ya sa baki, har gemun ta haɗa. Gizo ya zama dunƙule kamar curin daddawa. Jar Akuya ta ɗaga kai ta yi ta kiran Marka har aka jiyo daga gona.

Gwaggo ce ta riga kowa isowa, da fartanya a ɗage. Marka ta riƙe mata hannu. "Gwaggo, in kika buge shi wa zai nuna mana 'ya'yan?"

Gizo ya ce, "Kogon kuka! Kogon kuka! A kwanche ni, don Allah!"

Aka ɗauke shi a dunƙule har gindin kuka. Aka buɗe kogo, 'yan awaki suka fito suna layi don yunwa, suka faɗa ƙarƙashin uwarsu. Gwaggo ta gwada kwance Gizo, ta ƙara matse shi, ya yi ƙara. Kaka ya gwada, haka. Sai Marka ta durƙusa ta murza da hagunta sau uku, igiya ta saki. Gizo bai tsaya godiya ba, ya haye bango ya maƙale a rufin ɗaki. Shi ya sa har gobe zarensa sili ɗaya ne, ko kusa da tufka ba ya zuwa.

Bayan kwana biyu nono ya dawo, Kaka ya shanye ƙoƙo guda har da lashe baki. Ran nan kuma aka ji ƙara daga bayan rumbu. Aka ruga, sai ga Gwaggo Tabawa ta ɓoye tana koyon tufkar hagu, ta haɗa da bakin zaninta ta tufke, ta kasa tashi.

"Me kuke kallo? Marka, zo ki nuna mini yadda kike yi, 'yar nan."

Hannuwan Kaka dai ba su ƙara iya tufka ba. Kullum da safe sai ya miƙe ƙafa ya danne bakin rama da babban yatsa, Marka ta zauna gabansa tana murzawa. Duk wanda ya zo neman igiya, sai tsoho ya nuna ta da haɓa ya ce, "Ga hannuna nan, yi magana da ita."

To kun ji. Kada ku raina yaro don Allah ya yi shi daban da ku. Abin da ya sa yake daban ɗin, wata rana shi zai tsare muku gida.

Ƙungurus kan kusu. In kun ga ƙarya a ciki, ga Gizo can a rufin ɗaki, ku tambaye shi.