Kurege da Rufin Kankare

Ga ta nan, ga ta nanku, mai gyangyaɗi ya farka!

Ta zo mu ji ta, idonmu biyu.

Wata damina ruwa ya cinye ɗakin Kura, ita da 'ya'yanta suka koma gindin kuka. Ta rantse ta gama da ginin ƙasa. Da rani ya yi ta kirawo Zanzaro magini, ya zuba mata rufin kankare, ya tokare shi da sandunan gora.

Ya ce, "Uwar ɗakina, kankare jariri ne. A ba shi ruwa safe da yamma. Gorar nan kuma kada a zare ta sai wani watan ya tsaya."

Kura ta ɗora wa Kurege aikin ban ruwa, ta tafi farauta da yaranta. Shi kuwa ɗan banzan yana da lambun dankali a bayan ginin. Da safe ya ɗebo ruwa, lambu ya sha. Da yamma ya ɗebo ruwa, lambu ya sha. Kankare na ƙishi har ya tsattsage.

Dankali ya yi, ba itacen gashi. Kurege ya zare gora ɗaya, rufi bai ce uffan ba. Ya zare wata, rufi bai ce uffan ba. Haka ya ƙone su kaf.

Wata bai yi rabi ba Kura ta dawo. Ta shaƙo wuyansa, ta ce, "Ina gorata?"

"Ranki ya daɗe, ai ya riga ya kama! Kankaren talaka ne ke jiran wata."

"To hau ka taka, in gani."

Ya hau, ya yi tsalle, ya yi rawa. Kurege nauyin me gare shi? Rufi ko gezau. Kura ta ji daɗi, ta shigar da 'ya'yanta, ta hau sama shanya nama.

Rugum!

Ta fito ƙugu a karye, tana tono tana kiran yara, ba wanda ya amsa. Abin tausayi, jama'a. Kurege ya hango ajalinsa, sai ya faɗi yana birgima, ya fi uwar yaran kuka.

"Wayyo! Da idona na ga Zanzaro yana rage siminti!"

Bawan Allah Zanzaro ya zo ta'aziyya. Bai ƙarasa sallama ba Kura ta damƙe shi, ta matse tsakiyarsa har ta koma kamar zare. Dube shi, har yau haka yake, kuma da laka kawai yake gini. Kurege kuwa shi ya raba abincin sadaka, ya cinye rabi.

Ƙurunƙus, ta ƙare a bakin murhu. Duk mai shirin ɓarna, ya fara tabbatar akwai magini a kusa.