Manomin da Ya Farfashe Daɓensa

Akwai wani manomin shinkafa da ya gaji da yin shanya a ƙasa, gama kowace shekara yashi yakan ɓata masa hatsi. Sai ya kira magini mai suna Istifanus, aka cike fili a bayan gida, aka dandaƙe, aka zuba daɓen siminti. Ya fito sumul, har manomin yakan kai baƙi su gani.

Damina ta zo ta wuce. Ana gab da girbi, sai ya ga wata tsaga siririya kamar zare ta ratsa daɓen, gefe guda kuma ya ɗan zauna. Ransa ya ɓaci, ya aika aka kira maginin.

Istifanus ya tsuguna, ya gwada sa farce a tsagar, bai shiga ba. Ya ce, "Maigida, ƙasa ce take neman wurin zamanta. Sabon daɓe yakan yi haka. Ka sa masa ido. In tsagar ta ƙara baki, ko ruwa ya fara shiga ƙarƙashi, ka kira ni."

Matar manomin ma ta ce, "Baban Nuhu, ka bari mu shanya na bana tukuna."

Amma duk lokacin da ya wuce, tsagar kaɗai yake gani. Sai ya ɗauko guduma ya farfashe daɓen duka, don ya ga ɓarnar da ke ƙasa. Da ya kwashe ɓaraguzan, ya tarar da ƙasa a bushe, da tauri, ba rami, ba gara. Ya tsaya riƙe da gudumar. Shinkafar shekarar nan a ƙasa aka baza ta, danshi ya kama ta, rabi ya ruɓe.

Ma'anar wannan misali ita ce, daɓen nan shi ne sabon aure, ko sabon mai bi, ko ɗanka da ke tasowa. Kafin su zauna daram, za ka ga 'yan tsage-tsage: saɓani, mantuwa, kalmar da ta fita ba daidai ba. Wannan ba rushewa ba ne. Akwai tsagar da ke ƙara baki kullum, kamar ƙarya da duka, ita kam a kira dattawan ikkilisiya da wuri. Sauran kuwa haƙuri suke bukata, irin wanda Ubangiji yake yi da mu. Da yawa a cikinmu mun rushe abin da ke lafiya, domin kawai mun kasa jira.