Ɗakin da Alhaji Tukur ya rushe

Ilu, Huseina, 'ya'yana, ku zauna ku saurare ni, ba zan maimaita ba.

Akwai wani mai sayar da hatsi a Tamawa, Alhaji Tukur. Matarsa Azumi ta daina al'ada da shekara uku, sai jini ya dawo mata, da wani ruwa mai wari. Ta yi ta rama har ta rasu. Ya auri Mairo, ya sa ta a ɗakin marigayiya. Bayan shekara tara, ita ma haka ta tafi.

Mata suka daina bi ta ƙofar ɗakin. Wasu suka rantse suna jin nishi a ciki da tsakar rana, alhali a kulle yake. Tukur ya sa aka rushe shi, ya koma Dutsin-Ma, ya auri Rekiya.

Shekaru suka wuce. Wata rana ya dawo daga kasuwa, ya tarar hayaƙin turaren wuta har zaure. A ƙarƙashin ƙamshin sai ya ji warin da ya sani tun jinyar Azumi.

"Abin ya biyo mu," ya ce. "Gobe mu tashi daga gidan nan."

Rekiya ta ce, "Alhaji, ka rushe ɗaki, ka canza gari, me hakan ya hana? Ni asibiti za ka kai ni."

Likitar da ta duba ta ta kira shi ciki. "Kansar bakin mahaifa ce. Ƙwayar cutar da ke kawo ta tsakanin miji da mata take yaɗuwa. Namiji kan ɗauke ta bai sani ba."

"Likita, ni ko ciwon kai ba na yi."

"Haka take yi, Alhaji."

Sai ya ce, "To ashe ba ɗakin ba ne."

Rekiya tana nan ana mata magani. Shi kuwa ya kai 'ya'yansa mata allurar rigakafin cutar, sannan ya yi ta tambaya har ya gano inda ake yi wa maza.

Darasi: lafiyar jikin namiji ba shaida ba ce cewa ba ya ɗauke da abin da zai kashe matarsa. A yi wa yara rigakafi tun suna ƙanana, mata su je gwaji kafin jini ya zo. Ku tura wannan saƙon muryar ga 'yan uwa.

Kai Ilu ka ce allurar ta mata ce, ke Huseina kin ce a yi wa jikokina duka, maza da mata. Ku zauna ku yanke magana kafin Juma'a, ku zo ku faɗa mini.