Modem Ɗin Tungar Maje da Sunan Jaririya

Ku ajiye wayoyin nan ku ba ni kunnenku, yau sai kun yi mini hukunci.

A Tungar Maje, can ƙetaren gulbi, akwai ƙaramin asibiti mai ɗaki uku. Idan damina ta yi nisa ruwa yakan shanye hanya, daga nan ko kwalekwale sai mai ƙarar kwana yake sawa. A wannan shekarar aka ba asibitin kyautar na'urar ɗaukar hoton ciki da modem, wato ɗan akwatin da ke haɗa kwamfuta da intanet, don ungozoma Baba Dije ta riƙa tura hoto wa likita a birni. Sai dai tsohuwar kwamfutar asibitin ba ta san modem ɗin ba. Tsakaninsu ana buƙatar wata 'yar manhaja da ake kira direba, aikinta kamar na tafinta ne, kuma kamfanin bai rubuta ta ba don irin babbar manhajar da ke tafiyar da wannan kwamfuta.

To, ga Hansatu matar Malam Tanimu manomin shinkafa da ciki wata takwas, jini yana ɗan zuwa yana ɗaukewa. Baba Dije ba ta son jefa mai ciki a gulbi babu dalili, ba ta kuma son ta riƙe ta a yi da-na-sani. Masunta suka ce nan da mako uku ba mai ƙetarewa. Sai ta aika da modem ɗin da kwamfutar wajen wasu ƙawaye uku da suka karanci kwamfuta tare a birni: Suwaiba, Atika da Murjanatu. Suka ce ko ana ha-maza-ha-mata sai hoton nan ya tafi.

Suwaiba ta nemi kamfanin ya ba ta takardun da ke bayyana yadda modem ɗin yake magana, aka yi mata shiru. Ba ta tsaya jira ba. Ta aro kwamfutar da ke jituwa da shi, ta sa manhaja a tsakani tana sauraren duk saƙon da ke wucewa, tana kwafewa a littafi. Kwana shida tana bin dubban layukan lambobi har idonta ya yi ja. Nan ta gano halin abin: idan aka soka shi, yakan nuna kansa a matsayin filas kawai, wato ɗan abin ajiye bayanan kwamfuta, sai an aika masa wani gajeren umarni sannan ya yarda shi modem ne. Ta tsamo umarnin nan daga cikin tarin lambobin kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Atika ta karɓi littafin ta zauna rubuta direban. Ku da kuke latsa waya ba ku san wannan aiki ba. Direba a can cikin zuciyar babbar manhaja yake zama, inda kuskure ɗaya yake kashe kwamfutar ɗungurungum. Ta mutu mata sau arba'in da wani abu, kowane karo ta kunna ta bi sawun kuskuren. Sai da ta tsara yadda saƙo zai shiga layi, da inda zai jira idan hanya ta cushe, da yadda za a sake aika wanda ya ɓata. Rana ta takwas fitilar modem ta yi kore, shafi ya buɗe. Atika ta fashe da kukan murna.

Murjanatu kuwa ta ce ita ba ta yarda an gama ba, tunda a birni aka gwada. Ta ɗauki kayan ta shiga kwalekwale ruwa yana tafasa. A Tungar Maje abin ya yi aiki da safe, amma duk hoton da aka fara turawa sai ya tsinke a tsakiya. Kowa ya ce sabis ne. Ta ƙi. Ta zauna da agogo da biro kwana uku tana rubuta lokacin kowace tsinkewa, har Baba Dije ta ce, "'Yar nan, ni fa na lura duk sa'ad da firjin allurar rigakafi ya yi gurnani, fitilar nan taki sai ta ƙifta." Ashe firji da kwamfuta batirin sola ɗaya suke sha. Firji na tashi sai wuta ta ɗan ja baya, modem ya koma filas, direba kuma ya yi ta kiran wanda ba ya nan. Ba dama a kashe firji, magani zai lalace. Murjanatu ta buɗe rubutun Atika ta ƙara layi huɗu: idan ya koma filas, a sake aika masa umarnin Suwaiba, a ci gaba daga inda aka tsaya.

Hoton ya tafi. Likita ta kira kafin la'asar ta ce mabiyiya ta tare ƙofar mahaifa, idan naƙuda ta kama Hansatu a ƙauye jini zai tafi da ita. Washegari aka ƙetare da ita, kwana biyu kafin gulbi ya rufe. Aka yi mata tiyata, ta tashi lafiya da 'ya mace.

Malam Tanimu ya rantse sunan wadda ta ceci matarsa zai raɗa wa yarinyar. Ya tara ƙawayen uku ya tambaya, kowacce ta nuna 'yar'uwarta. Ya ce, "Ni fa 'ya ɗaya Allah ya ba ni, kunne ɗaya zan yi wa huɗuba." Ga rago a ɗaure, ga liman ya ce da hantsi zai iso.

Ba don Suwaiba ba, Atika ba ta da abin rubutawa. Ba don Atika ba, littafin Suwaiba takarda ce kawai. Ba don Murjanatu ba, da direban yana can birni ana yaba shi, Hansatu kuwa tana ƙetaren ruwa. Kada wani ya ce mini a haɗa sunayen uku, ban yarda ba.

To, ku faɗa wa Malam Tanimu kafin liman ya iso: sunan wa za a raɗa wa jaririyar nan?